Tambaya da Amsa: Gobara Ta Tashi a Gidana, Ni Aka Sa wa Ankwa

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, ɗaya daga Daura, biyu daga birnin Katsina, kuma dukansu a kan abin da ke faruwa ne idan 'yan sanda suka zo gidan mutum a lokacin tashin hankali, ƙarshe maigidan ne ya ji jiki. Mun sakaya sunayen marubutan da na ofisoshin da abin ya shafa.

TAMBAYA, daga wani magidanci a Daura

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a haska mini matsayin doka a kan abin da ya same ni a hunturun da ya wuce. Gobara ta tashi a gidana da tsakar dare bayan an dawo da wutar lantarki da ƙarfi. Allah ya taimake mu, ni da maƙwabta muka fitar da iyali lafiya. Kafin 'yan kwana-kwana su iso, motar sintiri ta 'yan sanda ta zo, suka kori jama'a daga ƙofar gida. Sai na tuna takardun gida da na gona, da kuɗin da wani ya ba ni ajiya, suna ɗakin da wuta ba ta kai ba tukuna, na nufi zaure. Ɗaya daga cikinsu ya tare ni, na ce masa ni ne maigidan, ya ce ba mai shiga. Ba zan ɓoye ba, na ɗaga murya, na kuma ture hannunsa. Nan suka taru a kaina aka kayar da ni, ina ƙasa wani ya buga mini gindin bindiga a haƙarƙari, aka sa mini ankwa a gaban matata da 'ya'yana, aka jefa ni mota. Na kwana biyu a caji ofis ba a kai ni kotu ba, sai da ƙanena ya ba da kuɗi aka ba da belina. Likita ya ce haƙarƙarina ya tsage. Yanzu dattawan unguwa suna cewa in bar wa Allah, tunda don a ceci raina aka tare ni. Shin doka ta ba su ikon hana ni shiga gidana? Idan ta ba su, dukan fa? Wa zan kai ƙara, kuma a ina?

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri, ya kuma ba ka lafiya. Abin da ya faru a daren nan ba abu ɗaya ba ne a idon doka, abubuwa ne da suka bi juna, kuma kowanne yana da nasa hukunci. Dattawan unguwa sun haɗa su wuri guda suka yanke musu hukunci ɗaya, shi ya sa shawararsu ta yi daidai a farko, ta kuma kuskure a ƙarshe.

Tare ka da aka yi a ƙofar zaure yana da madogara. Gaskiya ne sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi ta hanyar doka domin kare lafiyar jama'a da zaman lafiya, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ɗora musu kare rayuka da dukiya a matsayin aikinsu na asali. Mutumin da gidansa ke ci da wuta ba ya iya auna haɗari yadda na gefe zai auna, kuma abin da ya fi kashe mutane a gobara hayaƙi ne, wanda yakan kayar da mutum tun harshen wuta bai kai gare shi ba. Da ka shiga ka faɗi, sai wani ya bi ka da nasa ran. Saboda haka da ɗan sandan ya tsaya a gabanka, ko ya riƙe ka, ko ma su biyu suka ja ka baya da ƙarfi, da wuya a sami alƙalin da zai ce sun yi laifi. Ture hannunsa da ka yi kuwa, dole in faɗa maka a fili, shi ne raunin da ke cikin maganarka, domin hana ma'aikacin gwamnati gudanar da aikinsa laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Arewa, kuma da shi za su kare kansu duk inda aka je. Kada ka ɓoye wa lauyanka wannan, gara ya ji daga bakinka da ya ji shi a gaban alƙali.

Amma ikon da doka ta ba ɗan sanda na amfani da ƙarfi yana da iyaka biyu da ba a tsallake su: dole ƙarfin ya zama na larura, kuma dole ya zama gwargwadon abin da ake son hanawa. Manufar a nan ita ce kada ka shiga wuta. Daga lokacin da kake kwance a ƙasa, mutane da yawa suna danne da kai, manufar ta cika, larura ta ƙare. Duk abin da ya biyo baya horo ne, kuma hukunta mai laifi aikin kotu ne. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulki ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, kuma ba ya cikin sassan da sashe na 45 ya yarda a taƙaita. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta je nesa da haka, domin a cikin jerin abubuwan da ta lissafa a matsayin azabtarwa ta ambaci naushi da shuri da duka da gindin bindiga, ta ce ba yaƙi, ba rikicin cikin gida, ba wani halin gaggawa da za a kafa hujja da shi, umarnin na gaba ma ba hujja ba ne, sannan ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25. Ko kotu za ta ɗauki duka ɗaya a matsayin azabtarwa a ƙarƙashin wannan doka, ko za ta ɗauke shi a matsayin cin zarafi da jikkatawa, wannan lauyoyi za su yi jayayya a kai, amma ta kowace fuska aka duba, tsagewar haƙarƙarin mutumin da ke kwance ba ta shiga cikin ceton rai.

Ankwa ma tana da ƙa'ida, duk da cewa mun saba ganinta har mun ɗauka tana zuwa ne tare da kamu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 sun ce ba a ɗaure wanda aka kama sai idan akwai ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron zai yi faɗa ko zai gudu, ko don lafiyarsa, ko da umarnin kotu. A nan za su iya cewa ka riga ka nuna faɗa kuma kana neman komawa cikin wuta, don haka ban ba ka shawarar ka jingina ƙararka a kan ankwar ba. Inda ƙafarka ta fi ƙarfi bayan dukan shi ne tsarewar. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, a harshen da yake ji, kuma a gabatar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Daura ba ƙauyen da ba kotu ba ne. Laifin da za a iya tuhumarka da shi kuma ƙarami ne da za su iya ba da belinka tun da safe. Beli a caji ofis kyauta ne, rundunar da kanta take faɗin haka, don haka kuɗin da ƙanenka ya bayar cin hanci aka karɓa. Ƙaramin sashe na 6 na sashe na 35 ɗin ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da kuma neman afuwa a bainar jama'a daga hukumar da ta yi.

To, ina za ka? Hanyar da ta fi dacewa da irin matsalarka ita ce ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin sashe na 46. Babbar Kotu ce kaɗai ke sauraren irin wannan ƙara, ta jiha ko ta tarayya, don haka kada ka ɓata lokaci a kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci, ba su da hurumi a kai. Ƙa'idojin da ake bi, waɗanda Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar a 2009, sun sauƙaƙa abubuwa da dama: ba sai ka nemi izinin kotu kafin ka shigar ba, ɗan'uwanka ko wata ƙungiya za su iya shigarwa a madadinka, kuma ba a ƙayyade wa'adin da ƙarar za ta mutu ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin idan ƙarar cin zarafi ta yau da kullum aka shigar, lauyan gwamnati yakan ɗauko dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ce a kai ƙararsu cikin wata uku da faruwar abin, kuma mutane da yawa sun rasa haƙƙinsu a wannan ƙofa suna jiran su warke ko suna jiran sulhu. Lauyoyi sukan haɗa ɗan sandan da ya yi aika-aikar da shugaban ofishinsu, da Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, da Sufeto Janar, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, saboda kurtun da ya yi dukan ba shi da abin biyan diyya. Idan ba ka da ƙarfin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa domin marasa ƙarfi.

Sai dai ka sani irin wannan ƙara a kan takardun rantsuwa ake yanke ta, ba kasafai ake kiran shaidu su tsaya a yi musu tambayoyi ba. Kai za ka rantse an buge ka kana ƙasa, su kuma za su rantse faɗuwa ka yi a wurin kokawa. Abin da zai raba gardamar shi ne abin da ka haɗa da rantsuwarka. Ka koma asibiti ka karɓi rahoton likita a rubuce mai ɗauke da ranar da ka je, tare da hoton ƙashin da aka ɗauka, kuma na asibitin gwamnati ya fi nauyi. Ka nemi maƙwabtan da suka ga abin da idonsu su yarda su yi rantsuwa, ko biyu ne. A wurin gobara ba a rasa matashin da ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, ka neme shi tun bai goge ba, ka kuma roƙe shi ya adana ainihin abin a wayar da ta ɗauka, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da shaidar na'ura amma yana neman bayanin na'urar da ta samar da ita. Idan ƙanenka ta waya ya tura kuɗin beli, ko ta wurin mai POS, shaidar turawar tana nan. Ka rubuta rana da lokacin da aka kama ka da lokacin da aka sake ka, da sunan da ke ƙirjin rigar ɗan sandan idan wani ya karanta, da lambar motar. A irin wannan shari'a, wanda aka zalunta ya fi faɗuwa saboda rashin takarda, ba saboda alƙali bai yarda ana duka ba.

Akwai kuma hanyoyin da ba na kotu ba, kuma ba laifi a bi su tare da ita. Za ka iya rubuta koke ga Kwamishinan 'Yan Sanda, ko ga sashen karɓar ƙorafin jama'a da rundunar ta buɗe a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, wanda Dokar 2020 ta ba shi gindin zama. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda tana da ikon ladabtar da kowane ɗan sanda in ban da Sufeto Janar, daga rage girma har kora. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa kuwa, tun bayan gyaran da aka yi wa dokarta a 2010, tana iya bincike ta yanke diyya, kuma ana iya zartar da hukuncinta ta hannun kotu. Duk takardar da ka kai, ka riƙe kwafi da aka buga wa hatimin karɓa. Koke na baka a ofishin DPO yakan ƙare ne a ba ka haƙuri a raka ka ƙofa.

Ba zan ruɗe ka ba, samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Sashe na 84 na dokar da ta tsara yadda ake zartar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai an sami yardar Antoni Janar, kuma wannan ya sa mutane da yawa suna riƙe da takardar nasara shekara da shekaru ba su ga ko kwabo ba. A ganina wannan tanadi ne da ya kamata majalisa ta sake dubawa, domin ya mayar da wanda ake bi bashi mai ba da izinin a karɓi bashin. Duk da haka hukuncin yana da amfani ko kuɗi bai fito ba, saboda yana shiga tarihin aikin ɗan sandan, yana kuma ƙarfafa koken ladabtarwa.

Game da dattawa, sulhu alheri ne kuma doka ba ta hana shi ba. Idan za a yi, a yi shi a gaban mai unguwa ko hakimi tare da lauyanka, a rubuta abin da aka amince, a mayar da kuɗin beli, a biya kuɗin magani. Kada ka sa hannu a takardar janye koke kafin a cika alkawari, kada kuma ka sa hannu a abin da ba a karanta maka da Hausa ba. Yafiya haƙƙinka ce, kuma tana da lada, amma ita ma sai mutum ya san abin da yake yafewa.

TAMBAYA, daga wata uwargida a birnin Katsina

Assalamu alaikum. Ɓarayi sun hauro gidanmu da dare, ni na kira 'yan sanda ta waya. Maigidana ya ɗauki adda da tocila ya fita tsakar gida, ɓarayin suka tsere ta katanga. Yana buɗe ƙofar zaure sai ga 'yan sanda, ɗaya ya harbe shi a cinya. Asibitin kuɗi da muka fara zuwa sun ƙi taɓa shi sai an kawo takardar 'yan sanda. Yanzu yana ɗingishi, ba ya iya zuwa kasuwa. Sun ce kuskure ne, sun ɗauka ɓarawo ne, sun biya wani abu daga kuɗin asibiti. Shin da an ce kuskure shi ke nan?

AMSA

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Ba shi ke nan ba. Kuskure yana iya rage nauyin laifi, yana iya mayar da shi daga ganganci zuwa sakaci, amma doka tana tambayar ko kuskuren irin wanda mai hankali da horo zai iya yi ne a wannan yanayi, da kuma ko harbin ya halatta ko da ɓarawon ne da gaske.

Wannan tambaya ta biyu ita ce mutane ke mantawa. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki ya yarda da amfani da ƙarfin da zai iya kai ga kisa domin kare mutum ko dukiya, ko domin kama mai laifi, ko kwantar da tarzoma, kuma masana da dama suna ganin ƙofar ta yi faɗi, amma ko shi ya ɗaure abin da sharaɗin larura. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka amince da su a birnin Habana na ƙasar Kuba a 1990 sun ce ba a harba bindiga sai don kare kai ko wani daga barazanar mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, kuma sai ɗan sanda ya bayyana kansa ya yi gargaɗi ya ba da lokacin a bi, in dai yin hakan ba zai jefa shi cikin haɗari ba. Umarnin rundunar 'yan sandan Najeriya mai lamba 237, wanda aka sake wa fasali a 2019 zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu, an gyara shi ne domin ya dace da wannan. Don haka abin da za a bincika shi ne tazarar da ke tsakaninsu, ko maigida ya ɗaga addar ya nufo su, ko an ce masa 'yan sanda ne ya ajiye makami, da daƙiƙa nawa aka ba shi. Akwai kuma abin da ya fi taimakonku: daga gidan aka yi kiran, saboda haka sun san akwai masu gida a ciki, kuma mutumin da ya zare sakata ya buɗe ƙofar zaure da tocila a kunne ya fi kama da maigida.

Adalci ne a ce tsoron da ɗan sanda ke ji da dare a jihar nan ba na ƙarya ba ne, 'yan bindiga sun kashe musu abokan aiki da yawa. Kotu za ta saurari wannan. Amma tsoro shi kaɗai bai wanke mai harbi ba ko a ƙasashen da ake ganin kotuna suna tausaya wa 'yan sanda. A watan Oktoban 2019, a birnin Fort Worth na jihar Texas a Amurka, wani maƙwabci ya kira 'yan sanda don ya ga ƙofar wani gida a buɗe cikin dare, ɗan sanda Aaron Dean ya zagaya bayan gida bai bayyana kansa ba, ya harbe Atatiana Jefferson ta taga tana cikin ɗakin gidansu. Ya ce ya ga bindiga a hannunta ya ji tsoro, amma a Disamban 2022 aka same shi da laifin kisa ba da niyya ba, aka yanke masa ɗaurin kusan shekara 12.

A nan gida ma ana gurfanar da 'yan sanda, sai dai abin yana tafiya ne da matsin lamba. Yawanci sai rundunar ta yi wa mutum shari'ar cikin gida ta kore shi, sannan a miƙa shi, kuma Antoni Janar na jiha yana da ikon shigar da ƙara ko karɓe ta a ƙarƙashin sashe na 211. Shari'ar matasa shida na unguwar Apo da aka zargi 'yan sanda da kashe su a Abuja a watan Yunin 2005 sai a Maris ɗin 2017 aka yanke ta, inda aka yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa aka sallami uku. Ta lauya Bolanle Raheem, wadda wani ɗan sanda ya harbe a Legas ranar 25 ga Disamban 2022, an gama ta a Oktoban 2023. Bambancin kusan shekara goma sha biyu da kusan wata goma ya isa ya nuna miki cewa koken da aka rubuta, aka kai wa Antoni Janar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, aka kuma riƙa bibiya, ya fi wanda aka bari a hannun ofishin da mai harbin yake aiki. Ƙarar diyya da na bayyana wa mai tambaya na farko a buɗe take gare ku, kuma ku haɗa da asarar sana'a. Kuɗin asibitin da suka biya bai rufe muku ƙofa ba, sai idan kun sa hannu a kan cewa shi ne ƙarshen magana.

Asibitin da ya mayar da ku shi ma ya karya doka. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi nan take ba tare da takardar 'yan sanda ba, ba kuma tare da jiran a ajiye kuɗi ba, sannan asibitin ne zai sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara magani. Idan likita ya tabbatar jinkirin ya ƙara lalata ƙafar, to su ma akwai abin da za su amsa.

Ga sauran masu karatu, duk wanda ya kira 'yan sanda ko lambar gaggawa ta 112, ya faɗa musu mutum nawa ne a gidan, da irin kayan da maigida ya sa, da cewa yana riƙe da makami idan yana riƙe. Da an ji motarsu a ajiye adda ko gora, a yi magana da su ta bayan ƙofa kafin a buɗe, a fito da hannu a sarari.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Katsina

Lokacin dokar hana fita, jami'an tsaro sun biyo wasu samari da gudu har cikin gidanmu, suka shige ɗakin matan aure ba sallama, da ba su same su ba suka tafi da mahaifinmu. Dokar hana fita ta ba su wannan dama?

AMSA

Ba ta ba su ba. Dokar hana fita ta hana zirga-zirga ne a waje, ba ta soke haƙƙin wanda ke zaune a gidansa ba. Ɗan sanda yana iya bin wanda yake da ikon kamawa har cikin gida, yana ma iya ɓalle ƙofa, amma sashe na 12 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya ce sai ya bayyana ko shi wane ne da abin da ya kawo shi, ya nemi a buɗe aka ƙi. Sashen ya ƙara da cewa idan wurin na macen da bisa al'ada ko addini ba ta fita bainar jama'a ne, kuma ba ita ake nema ba, dole a sanar da ita a ba ta damar kaucewa kafin a shiga. Tsohuwar dokar shari'ar laifuka ta Arewa ta 1960 ma tana da irin wannan tanadi, ba baƙon abu ba ne a nan. Tafiya da mahaifinku kuwa haramun ce ƙarara, domin sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama wani a madadin wanda ake zargi, don haka yana da haƙƙin diyya ko awa uku aka riƙe shi.

Irin wannan yakan yawaita a duk lokacin da aka rufe gari, kamar yadda mutanen Daura suka ɗanɗana kulle a watan Afrilun 2020. A wancan lokaci Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayyana cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a faɗin ƙasar tsakanin 30 ga Maris da 13 ga Afrilu, adadin da ya zarce na waɗanda cutar korona ta kashe a Najeriya zuwa lokacin. Ba ka faɗi ko waɗanne jami'ai ne suka shigo muku ba, kuma wannan shi ne abin da za ku fara tantancewa, domin shi zai nuna wanda za a rubuta a takardar ƙara. Idan 'yan sanda ne, hanyar ita ce wadda na bayyana a sama. Idan dakarun tsaron al'umma ne da Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023, to gwamnatin jiha da Antoni Janar nata za a haɗa. Idan kuma 'yan sintirin unguwa ne, ikonsu na kamu bai wuce na kowane ɗan ƙasa ba, kuma su da kansu za a kai ƙara, a kotun majistare ma, kan kutse cikin gida da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba.